Contessa 32: ƙaramin jirgin filafilai mai jure babbar teku

Mai neman jirgin da zai ƙetare teku da shi, abin da zai fara tambaya shi ne: in taguwa ta kwantar da jirgin, zai miƙe? A nan Contessa 32, jirgin ruwan da iska ke turawa ta hanyar filafilan ƙyalle, ya yi fice. David Sadler ne ya zana shi, Jeremy Rogers ya fara ƙera shi a Lymington ta Ingila a farkon shekarun 1970. Tsawonsa mita 9.75, faɗinsa mita 2.9, nauyinsa kusan tan 4.3, kuma kusan tan 2 daga ciki dalma ce da aka binne a gindinsa, can ƙarƙashin ruwa. Wannan nauyi da siririn jikinsa su ke sa ko ya karkata har wajen digiri 155, yana iya dawowa daidai.

An ga haka a gasar Fastnet ta 1979, tseren jiragen filafilai a tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland, wadda guguwa ta kashe masu tsere 15. Cikin jirage 58 na ajin ƙanana, Assent, wani Contessa 32, shi kaɗai ya kai ƙarshe.

Dalmar tana rufe cikin faibagilas ɗin jikin jirgin (roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi), babu ƙusoshin da za su yi tsatsa su sake ta. Amma in jirgin ya taɓa bugun dutse, a duba ƙasan da kyau, domin ɗan tsagi kawai ruwa ke buƙata ya shiga ya zauna. Allon da ke juya jirgin a ƙarƙashin ruwa kuwa yana da madogara a gabansa da ke kare shi daga igiya da itacen da ke yawo a ruwa.

Sai dai fa jirgi ne mai jiƙa mutane. Gefensa bai da tudu, da zarar an fuskanci iska, ruwa zai riƙa wanke bene, wato saman jirgin, har wurin tuƙi. Rumfar kariya a bakin ƙofa dole ce. Ciki matsattse ne, dogon mutum zai sunkuya in ya matsa gaba, tankunan ruwa da na mai kuma ƙanana ne, tafiyar makonni sai da jarkoki. Mutum biyu za su ji daɗinsa, huɗu za su takura. Filafilin gaba babba ne, jansa na cin ƙarfi, gara a rage shi tun kafin iska ta tsananta.

Yawancin waɗanda ke kasuwa tsofaffi ne. A fito da jirgin tudu a duba ƙurajen da ruwa ke tayarwa a jikin faibagilas. A kwance ƙarafan da wayoyin jigo (dogon sandan da ke ɗauke da filafilai) ke kamawa a bene, domin ƙarfe mara tsatsa yakan rube a ɓoye inda gishiri ya maƙale babu iska. Wayoyin da suka haura shekara 10 a sauya su gaba ɗaya kafin a bar gaɓa.