Sharhi kan Greenplum: saurinsa yana ga yadda ka raba bayanai

A wurin aikinmu muna tara bayanan ciniki har tebur ɗaya (jadawalin bayanai mai layuka da ginshiƙai) ya fi ƙarfin sabar guda, wato kwamfutar da ke riƙe da bayanan, shi ya sa muka koma Greenplum, manhajar adana bayanai da ke raba su tsakanin kwamfutoci da yawa. An gina shi ne a kan PostgreSQL, wata sananniyar manhajar adana bayanai, don haka duk wanda ya saba da SQL, harshen da ake yi wa irin waɗannan manhajoji tambaya da shi, ba zai ji baƙunta ba.

Tsarinsa ya burge ni ƙwarai. Akwai kwamfuta ɗaya mai jagora, ita ke karɓar tambaya ta tsara aiki, sauran kuma kowace da nata faifan da tata ƙwaƙwalwar, ba sa tarayya a komai. Idan ɗaya tana buƙatar abin da ke hannun wata, sai dai a aiko mata da shi a saƙo ta hanyar sadarwar da ta haɗa su. Dabarar ta daɗe: kamfanin Teradata ya fitar da injinsa DBC/1012 a 1984 kan wannan tsari, David DeWitt da ɗalibansa kuma suka gina irinsa mai suna Gamma a Jami'ar Wisconsin a shekarun 1980.

Rahoton wata-wata da a da muke bari ya kwana yana gudu, yanzu kafin a sha shayi ya fito. Amma fa da sharaɗi. Lokacin ƙirƙirar tebur kai ne za ka zaɓi ginshiƙin da za a raba layuka da shi. In teburan da kake yawan haɗawa an raba su da ginshiƙi ɗaya, misali lambar abokin ciniki, kowace kwamfuta za ta gama nata a gida. In ba haka ba, dole a sake rarraba layukan ko a aika wa kowa kwafin tebur, nan saƙonni ke cinye lokaci. Mafi muni shi ne ka raba da abu kamar sunan gari: babban birni ya taru wuri guda. Kamar gayya ce, ba a tashi sai mai doguwar kunya ya kai ƙarshe. Umarnin EXPLAIN yana nuna duk inda bayanai za su yi tafiya, ina ba kowa shawara ya riƙa duba shi.

Ba a yi shi don yawan shigar da ƙananan bayanai ɗaya bayan ɗaya irin na cinikin kanti ba. Wanda bayanansa ba su fi ƙarfin sabar ɗaya ba, PostgreSQL ya ishe shi.