Kai yara wurin wasa: lokacin Sallah ko ranar Asabar?

Wurare irin su Magicland na Abuja kan cika maƙil washegarin Sallah. Yara sanye da sababbin kaya, 'yan mata da lalle, kiɗa na tashi, ana haɗuwa da dangi. Wannan armashin ba a samunsa a sauran ranaku. Sai dai layin tikiti da na lilo kan cinye rabin yinin, kuma a cunkoson bayan la'asar yara suka fi ɓacewa. A isa da hantsi, a rubuta lambar waya a takarda a saka wa kowane yaro cikin aljihu. A riƙe tsabar kuɗi, domin na'urar POS kan ƙi aiki idan jama'a suka yi yawa. Kada a ciyar da yaro daf da hawa lilo mai juyawa, amai yake jawowa.

Asabar ɗin da babu biki kuwa, layi gajere ne, yaro na iya hawa abu ɗaya sau uku. Matsalarta, wasu injinan ba a kunna su sai mahaya sun taru.

Ga mai yara 'yan ƙasa da shekara 5, Asabar ta fi.