Na ci ƙosan Indiyawa a Lesta, ba gyara

Yaya, ina gaisuwa. A gaida min Inna da yaran gida.

Ranar da muka yi waya kin yi min tsiya, wai tunda na zo Ingila ba ni da abinci sai tuwo da miyar kukar da kika ƙullo min. To Asabar ɗin da ta wuce na fita kunyarki. Wata abokiyar aikina a asibiti, Ba'indiya amma haifaffiyar nan Lesta, ta ja ni titin Belgrave, inda shagunan gwal da na sari, wato zanen matan Indiya, suke jere kamar kin shiga Kwari, sai dai babu 'yan dako. Muka shiga wani gidan abinci inda aka fi sayar da irin abin da mutanen Mumbai ke ci a tsaye a bakin titi.

Hankalina ya kwanta tun daga ƙofa, don ko ƙamshin nama babu a gidan. Masu irin waɗannan wurare a unguwar galibi 'yan asalin jihar Gujarat ta Indiya ne, da yawansu ba sa cin nama, sai na huta da tambayar ko yankan Musulmi ne. Har akwai jerin abinci daban na mabiya addinin Jain, waɗanda ko albasa, tafarnuwa da dankali ba sa ci, tunda daga ƙasa ake tono su. Na ce a raina, ranar da aka hana Inna albasa ai girki ya tashi.

Pani puri aka fara kawowa. 'Yan ƙwallaye ne da aka soya suka kumbura, cikinsu ba komai, ba su kai ƙwan kaza ba. Ana fasa samansu da babban yatsa, a cusa dankali da wake, a cika da wani koren ruwa mai na'a-na'a da barkono, sai a jefa baki gaba ɗaya. Ni da na tsaya yanga na gatsa rabi, ruwan ya gangaro min har gwiwar hannu, ƙawar tawa tana ta dariya. Amma abin da ya tsaya min a harshe tsamiya ce. Tsamiyarmu ta kunu, Yaya! Su dafa ta suke yi da dabino da mazarƙwaila har ta yi kauri, kusan kowane faranti sai an ɗiga masa.

Daga nan na fara gane 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke kira medu vada, wake ake jiƙawa a markaɗa a buga shi ya tashi, a saki a mai. Ki faɗa min, in ba ƙosai ba mene ne wannan? Huda kawai suka yi masa a tsakiya. Dosa kuma ƙullin shinkafa ne da ya kwana ya yi tsami, wato sinasir, amma an shimfiɗa shi siriri kamar takarda, tsawonsa ya fi kamu ɗaya, an naɗe dankali a ciki.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne mogo. Da aka ajiye na duba, sai na ga soyayyen rogo da yaji. A bakin Indiyawan Gabashin Afirka sunan ya samo asali, daga muhogo na Swahili. Kakannin ƙawata a Kampala suka zauna har 1972, lokacin da Idi Amin ya ba Indiyawa kwana 90 su bar Uganda. Hukumar birnin Lesta har talla ta buga a jaridar can tana cewa kada su zo, amma dubbai suka zo, kuma su ne suka raya wannan titin. Rogon ma da shi suka taho.

Wajen tsabta kam sun yi mana nisa. A jikin ƙofa akwai koriyar takarda mai lamba 5. Duba-garin ƙaramar hukuma ne ke faɗowa ba sanarwa, su binciki kicin, su ba da maki daga 0 zuwa 5, kuma kowa na iya dubawa a intanet kafin ya taka ƙafa. Yaron da ya ɗauki odarmu sai da ya tambaya ko akwai abin da jikinmu ba ya so, don doka ta wajabta musu bayyana abubuwa 14, ciki har da gyaɗa da riɗi da madara. Na tuna mai gurasar bakin layinmu yana ambaɗa ƙuli ba tare da ya tambayi kowa ba.

Kuɗin ne dai ba daɗin ji. Ƙosai biyu, biyu rak, a ƙirge, kuɗinsu ya isa a cika kwanon samira a wajen Inna har a aika wa maƙwabta. Na daina juya fam zuwa naira, in ba haka ba loma ba za ta wuce maƙogwaro ba. Kuma babu ciniki, babu gyara. Da wasa na ce wa ƙawata ta ce a ƙara mana ɗaya, na yi mata bayanin yadda mai ƙosai ke jefa miki biyu a kai bayan ta gama ƙirga, har ta tambayi jikin maigida. Ta ce a Indiya ma mai pani puri yakan ba da busasshe guda ɗaya kyauta a ƙarshe, amma a nan ko shi sai ya shiga rasit. Aka kawo na'ura na kara kati, ta yi ƙara, shi ke nan.

Shayinsu na ƙarshe, mai citta da kanumfari da madara, ya yi daɗi, sai dai kofin bai kai rabin na mai shayin tasha ba.

Ki tambayar min Inna awa nawa take barin ƙullin waina kafin ya tashi, don a sanyin nan nawa ƙin tashi yake yi. In kuma an samu mai tahowa, a ba shi ƙaramar tanda ta ƙarfe da yajin ƙuli. Na yi wa ƙawar tawa alkawarin waina da miyar taushe, marar nama.