Manhajar SRIM: ta san inda ayon zai tsaya, amma ba ta bin sawun elektiron

Da wuya a sami ɗalibin fiziya da ya nemi sanin zurfin da ayon (ƙwayar zarra mai cajin lantarki) zai kutsa cikin silikon ko ruwa kafin ya tsaya, bai ci karo da SRIM ba. Manhajar kwamfuta ce ta kyauta mai kwaikwayon tafiyar ayon a cikin abu, wadda James Ziegler da Jochen Biersack suka assasa, kuma tun shekarun 1980 masu bincike suke dogaro da ita. Aiki da ita ba shi da wuya: mutum ya zaɓi irin ayon, ya rubuta ƙarfinsa, ya jera sinadaran abin da za a harba, nan take sai layukan tafiyar ayon ɗin su fara bazuwa a allo kamar saiwar bishiya. Idan aka gwada ƙwayar alfa (cibiyar zarrar hiliyam) mai ƙarfin MeV 5.5 (MeV ma'aunin ƙarfin ƙwayoyi ne), irin wadda sinadarin amerisiyam-241 ke fitarwa, za a ga ta tsaya bayan kimanin santimita 4 a cikin iska, a kuma ga yadda asarar ƙarfinta ke hauhawa dab da ƙarshen tafiya. Wannan shi ne tsinin Bragg, wanda aka gina maganin ciwon daji da furoton a kansa.

Ƙorafina yana kan elektiron ne. Ayon mai tsananin gudu yana zubar da mafi yawan ƙarfinsa wajen fizge elektiron daga ƙwayoyin zarra, amma SRIM a dunƙule take lissafa wannan asara, ba ta faɗin ƙarfin da kowane elektiron ya fita da shi ko kusurwar da ya nufa. Alhali a nan ilimin yake. Akasarin elektiron ɗin da ɗan ƙaramin ƙarfi suke fita, waɗanda ayon ya buga gaba da gaba gudunsu yakan kusan ninka nasa, wasu kuma suna rakiyarsa da gudu iri ɗaya, kamar yadda masana fiziya Crooks da Rudd suka gano a 1970. Waɗannan elektiron ɗin ne ke yin kaso mai yawa na ɓarnar da irin wannan ayon ke yi wa DNA (sinadarin gadon halitta), saboda haka mai binciken wannan fanni gara ya koma ga manhajar Geant4-DNA mai bin sawun elektiron, ko da yake sai ya iya harshen rubuta manhaja na C++.

Tsufa ma ya fara kama SRIM. Don Windows kaɗai aka rubuta ta, fitowarta ta ƙarshe ta 2013 ce, kuma ba ta la'akari da tsarin jeruwar ƙwayoyin zarra a cikin kiristal. Ɗaliban Nijar da kwamfutarsu ke kan tsarin Faransanci su fara mayar da alamar desimal daga waƙafi zuwa ɗigo, in ba haka ba manhajar takan ƙi aiki.