Amya ba magani da amyar "biyo": ina tamu ta faɗa?

Wani ɗan'uwanmu daga wajen Matamaye ya kawo tambaya cikin ƙungiyarmu ta masu kiwon zuma. Amyoyinsa goma sha biyu, bai taɓa sa musu magani a ciki ba. Sai dai yana shafa baƙin mai a ƙafafun teburin da ya ɗora su saboda tururuwa, kuma in bazara ta matsa yakan ba su ruwan sukari. Mai saye daga Yamai ya tambaye shi ko zumarsa ba ta da sinadari, ya rasa amsar da zai bayar wadda babu ƙarya a cikinta. Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka tambaya tukuna.

Gardamar a sa wa amya magani ko kada a sa, daga Turai da Amurka ta taso, kuma ƙwaro ɗaya ne ya haddasa ta, sunansa barowa. Ja ne kamar 'yar ƙaramar kaska, faɗinsa bai kai milimita 2 ba. Asalinsa jikin ƙudan zuman Asiya ne, ya tsallaka kan irin wanda ake kiwo a sauran duniya, ya isa Amurka a 1987. Yana shiga ɗakin 'ya'ya (ɗan ramin saƙa da tsutsar ƙudan ke girma a ciki) kafin a rufe shi da kaki, ya hayayyafa a ciki, ya kuma sa musu cutar da ke sa su fito da naƙasassun fukafukai. A can, wanda bai yi magani ba yakan wayi gari amyarsa ta mutu. Daga nan masu kiwo suka rabu.

Masu ƙin maganin kamfani kashi biyu ne, kuma mutane na yawan haɗa su wuri ɗaya. Kashi na farko su ne masu takardar "biyo", wato shaidar da ake ba wanda aka bincika aka ga ya bi dokar guje wa sinadaran kamfani. Su sun ƙi magunguna irin su amitraz da fulubalinat da kumafos. Hujjarsu mai ƙarfi ce: biyun ƙarshen nan suna narkewa cikin kaki su zauna shekara da shekaru, kuma barowa ya riga ya saba da su a wurare da dama. Amma dokar "biyo" ta Tarayyar Turai ta yarda a sa asid ɗin ogzalik da na fomik, da taimol da ake samu daga wani ganye mai ƙamshi. Wato suna magani, irin maganin ne suka tace. Dokar ta kuma leƙa wajen amya: kilomita 3 kewaye da ita, dole yawancin furen da ƙudan ke sha ya zama na daji ko na gonar da ba a yi wa feshin guba.

Kashi na biyu sun ce ko asid ko taimol ba za su sa ba. Amyar da za ta mutu ta mutu, wadda ta rayu a ɗauki iri daga gare ta. An gwada haka a tsibirin Gotlan na ƙasar Suwidin tun 1999 da amyoyi 150. Yawancinsu sun mutu, kaɗan suka rage, kuma zuriyarsu ta ci gaba da rayuwa da barowa ba magani. To ka ga bambancin: na farko yana duba abin da ke shiga cikin zuma, na biyu yana duba ƙarfin jikin ƙudan. Mutum na iya zama ba ya magani ko kaɗan alhali amyarsa na gefen gonar da ake fesawa kowane mako, wani kuma yana sa asid amma zumarsa ta fi tsabta.

Mu nan Damagaram, in aka auna mu da ma'aunin kashi na biyu, kusan dukanmu mun haye, kuma ba da dabararmu ba. Ƙudanmu na Afirka ne. 'Ya'yansa na fitowa daga ɗaki da wuri fiye da na Turai, barowa ba ya samun isasshen lokacin hayayyafa. Ƙudan namu kuma yana yawan rabuwa, kuma in wuri ya dame shi sai ya kwashe ya bar amyar da ƙwarinta. Barowa ya shiga Afirka ta Kudu a 1997, cikin 'yan shekaru ƙudan can ya iya zama da shi ba tare da an yi masa magani ba. Ga kuma zafi. Taimol da asid ɗin fomik an tsara su ne don yanayin da bai wuce digiri 30 ba ko kusa da haka, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. Wanda ya sa su a lokacin nan, da hannunsa zai kori ƙudansa.

Abin da ke damuna shi ne guba na shigar mana ta ƙofofin da ba mu gadi. Na farko hayaƙi. Na taɓa tsayawa da dare wurin cirar zuma a gindin wani gawo, yaron da ke riƙe da wuta ya rasa busasshen kashin shanu, ya tura leda da guntun buhun roba cikin gwangwanin. Saƙar ta fito fara tas, tana ɗiga, amma da na kai baki sai ɗacin roba ya tsaya mini a maƙogwaro. Amyar nan ba ta taɓa ganin magani ba, kuma ba zan ba ɗana zumarta ba. Kashin shanu ko ƙaiƙayin gero sun wadatar.

Sai fiya-fiya da wasu ke yayyafawa a gindin amya saboda tururuwa, da ƙwayar buhun wake da wasu ke jefawa cikin ma'ajiyar saƙa saboda asu. Waɗannan guba ce tsagwaronta, babu ɓangaren da ya yarda da su. Haka jarkar da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki, ko sau nawa aka wanke ta. Mafi wuya kuwa shi ne gonar maƙwabci. Wake na fure, ana fesa shi da hantsi, daidai lokacin da ƙudan ke kansa. Nan ba ka da iko sai na baki: ka je ka gaishe shi, ka roƙe shi ya riƙa feshi da yamma liƙis, ka tuna masa ƙudan nan na ƙara wa wakensa 'ya'ya. Ka tafi masa da kwalbar zuma, ta fi doguwar magana.

Yanzu ga naka, Malam. Ruwan sukari abinci ne, ba magani ba, ko da yake masu tsanani cikin kashi na biyu ba sa son shi. Ni ban ga laifinsa ba in yunwa ta zo, da sharaɗin ka daina tun kafin fure ya buɗe, kada ka sayar wa mutane sukari da sunan zuma. Kuma sau da yawa a bazara ƙishirwa ce ke korar su, ba yunwa ba. Ajiye musu kasko da ruwa a inuwa, ka zuba tsakuwa ko karan gero don su samu wurin sauka. Baƙin mai kuwa a waje yake, bai karya ƙa'idar rashin magani ba, amma ban so shi. Rana na narkar da shi, wari ya tashi, ƙasar wurin ta lalace. Sa kowace ƙafa cikin gwangwani da ɗan man gyaɗa, ka zagaye da toka, ka share ciyawar da ke taɓa tebur.

Rashin magani kuma bai ɗauke maka dubawa ba. Lokaci-lokaci ka buɗe 'yan ɗakunan 'ya'ya maza da ƙayar aduwa, ka zaro farar tsutsar. In akwai barowa za ka gan shi ja a jikinta ƙarara.

Mai sayenka ka gaya masa abin da ka sani: ban sa magani a amya ba, hayaƙina na kashin shanu ne, jarkata sabuwa ce, akwai gonakin wake kusa da ni. Kada ka ce masa "biyo", wannan suna ne da sai an zo an bincika an ba ka takarda. In za ka shigo Kasuwar Dole ranar Alhamis, taho mini da guntun saƙa mai rufaffun 'ya'ya, mu buɗe tare.