Wata Takwas da Na'urar Ƙirga Taku a Aljihuna

Ni tela ne a Fagge, cikin Kano, shekara 26 ke nan ina kan keke. Da a ce bara wani ya tambaye ni ko ina motsa jiki, da na ce masa ya zo ya ga yadda nake komawa gida da daddare: baya ya ƙage, ƙafafu sun yi nauyi, ko tuwo da ƙyar nake ci. A wurina duk wanda ya gaji haka ya gama sauke hakkin jikinsa. Sai da aka auna ni a asibiti, likitar ta ce sukarina ya fara haurawa, jinin ma ba inda ake so yake ba. Ta ce, "Baba, a rana kana tafiyar ƙasa kuwa?" Na ce sosai ma. Ta ce, "Kamar nawa?" Nan na yi shiru. Ita ce ta ce in nemi 'yar na'urar nan mai ƙirga taku, in yi mako guda da ita ba tare da na canza komai ba, sannan in dawo mu yi magana.

Biyu na saya, kuma ya kamata in faɗi labarin ta farkon don kada wani ya yi asarar da na yi. A Sabon Gari na same ta, mai araha, irin wadda ake maƙalawa a ƙugu. Idan ka girgiza ta za ka ji wani abu yana ƙas-ƙas a ciki. Wannan ɗan ƙarfe ne a kan sifirin, duk lokacin da ƙugunka ya yi sama ya yi ƙasa sai ya buga, ta ƙirga ɗaya. Sharaɗinta shi ne ta tsaya a miƙe cak. To mu da muke sa wando mai mazagi ba mu da bel mai taurin da zai riƙe ta, ga kuma tumbi yana tura ta gaba. Na gwada ta a ƙofar shago: na yi taku 100 ina ƙirgawa da bakina, ta ba ni 64. Na sake, ta ba ni 71. Idan na yi tafiya a hankali irin ta bayan cin abinci, kusan rabi take haɗiyewa. Bayan mako biyu na ajiye ta.

Ta biyun ita ce nake magana a kanta. A shagon masu sayar da kayan awon jini da na sukari na saye ta, kuɗinta ya ninka na farkon kamar sau uku. Girmanta bai kai kwalin ashana ba, ba ta ƙara ko kaɗan, don babu abin da ke lilo a cikinta. Wani ɗan ƙwayar lantarki ne yake jin motsi ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, irin wanda yake juya hoton waya idan ka kwantar da ita. Saboda haka ko a tsaye take ko a kwance cikin aljihu, aikinta take yi. Gwajin taku 100 ɗin nan na yi mata shi ya fi sau goma, tsakanin 97 da 102 take ba ni.

Saitinta ba wuya: lokaci, nauyinka, da tsawon takunka. Na ƙarshen da tef ɗin awona na yi shi. Na ja layi da alli a ƙasa, na yi taku 10 irin tafiyata ta kullum, na auna, na raba gida goma, ya ba ni santimita 70. Ke nan kilomita ɗaya a wurina taku 1,430 ne ko kusa da haka. Batirinta irin na kwabo ne, mai lamba CR2032, wanda duk mai gyaran agogo yana da shi. Sai da na yi wata shida kafin na canza. Ga wanda ya san halin wuta a garin nan, abin da ba ya neman caji ya riga ya ci rabin jarrabawa.

Makon farko ya ba ni tsoro, ba zan ɓoye ba. Litinin 2,300. Talata 2,650. Ranar da ta fi kowacce ita ce Juma'a, 4,800, don na taka zuwa masallaci na dawo. Na zauna na yi lissafin ranata: daga gida in hau babur, in sauka a ƙofar shago, in zauna. Idan zare ya ƙare ko ana son shafi daga kasuwar Kwari, yaro nake aika, alhali Kwarin nan ga ta a bayanmu. Abinci a kawo mini. Salla a masallacin da ke jikin shago, taku 40 ba su cika ba. Ashe gajiyar da nake kwana da ita ta zama ce, ta sunkuyo ce, ba ta tafiya ba. Wannan kaɗai da ta nuna mini ya biya kuɗinta.

Amma tana ruɗuwa, kuma a sana'ata na gano haka. Wata rana aka ɗauke wuta tun safe, ga ɗinkin biki a gabana, sai na koma kan tsohon kekena na ƙafa. Bayan la'asar na ciro ta daga aljihun wando, na ga 9,200, ni kuwa ban je ko'ina ba. Cinyata ce take sama tana ƙasa a kan feda, ita kuma ta ɗauka tafiya ce. Tun daga ranar na mayar da ita aljihun gaba na riga, a ƙirji, matsalar ta kau. A Daidaita Sahu ma, idan hanya ta yi ramuka, takan ƙara maka ɗari ko ɗari biyu da ba ka yi ba. Aljihun gefe na babbar riga kuwa kada ma ka fara, don yana reto, ƙirgar sai ta rikice. Akwai wata dabara da aka yi mata wadda da farko na ɗauka lalacewa ce: idan ka tashi ka yi taku biyu ko uku ka tsaya, ba ta nuna komai. Sai ka ɗan ci gaba da tafiya na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta zubo su gaba ɗaya. Hakan ne ya sa tashi daga keke zuwa teburin yanka ba ya shiga lissafi, ruku'u da sujada ma ba ta ƙirga su.

Yarona na shago yana da agogon hannu na zamani mai ƙirga taku. Ranar da ya wuni yana guga, agogon ya taya shi murnar cika dubu goma. Ya ce, "Maigida, ka ga na riga ka." Na ce masa ya ɗaura shi a ƙafa gobe mu gani. Mai aikin hannu, tela ko kafinta ko mai daka, abin hannu zai riƙa faɗa masa abin da yake son ji ne kawai. Ita kuma waya, duk da tana iya ƙirgawa, rabin rana a kan tebur take ko a wurin caji. Sannan fita da waya a hannu da duhun asuba, a wannan zamani na ƙwacen waya, ba abu ne da zan ba kowa shawararsa ba. Wannan 'yar aba kuwa babu mai kallonta.

A jikin kwalinta an rubuta 10,000 da manyan lambobi, kuma na sha wahala da lambar nan a wata na biyu. Kilomita bakwai ke nan a takuna. Na yi kwana huɗu ina kai wa, gwiwata ta hagu ta kumbura, na kwanta kwana uku ban fita ba. Daga baya na san asalin lambar. A Japan ne, a shekarar 1965, bayan gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, kamfanin Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku ya sa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Sunan kaya ne mai daɗin faɗa ya bi duniya har ya zama kamar doka. A 2019 wata mai bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka, I-Min Lee, ta bi diddigin tsofaffin mata fiye da 16,000. Ta gano cewa masu yin taku kimanin 4,400 a rana mace-mace ya yi ƙasa sosai a cikinsu idan aka kwatanta da masu yin 2,700, kuma amfanin yana ta ƙaruwa har wajen 7,500, daga nan ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma da mintoci take magana: minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici ga babba. Tafiyar da za ta sa numfashinka ya ɗan ɗaga amma kana iya hira tana cikin wannan.

Da na koma wurin likitar da littafina, cewa ta yi in ƙara taku 500 a kan abin da na saba, in riƙe shi mako biyu, sannan in sake ƙarawa. Yadda na samo su ba wani abin mamaki ba ne. Na daina aiken yaro Kwari, ni nake zuwa da kaina, kuma na samu ribar da ban zata ba, don yanzu ni nake zaɓen shafi da idona. Sallar asuba da isha na koma yin su a wani masallaci da ya fi nisa da gida. Tun muna makarantar allo muke jin cewa kowane taku zuwa masallaci ana ɗaga wa mutum daraja da shi ana kankare masa zunubi, sai ga shi ina ganin adadinsu da idona. Bayan abincin dare, maimakon in kishingiɗa, nakan zaga unguwa minti goma sha biyar. Yanzu ina tsakanin 6,500 da 7,500 a yawancin ranaku. Wanduna biyu na rage wa ƙugu da hannuna. Awon sukarin ya sauko, likitar ta ji daɗi, amma ban bar maganin jinina ba kuma ban bar kiyaye abinci ba, don haka ba zan ce tafiyar ce kaɗai ta yi aikin ba.

Uwargida ta karɓa ta gwada kwana uku, ta ɗaure ta a bakin zani. Tana cikin gida, tsakanin madafa da igiyar shanya da ɗora yara a hanyar Islamiyya, ta yi fiye da 5,000 kowace rana, ninki biyu na abin da nake yi a da. Ta ce, "Malam, ka ga wanda yake zaune a gidan nan." Gaskiya ta faɗa.

Abubuwan da ba na so a jikinta suna nan. Fuskarta ƙarama ce kuma ba ta da haske, da asuba sai na kunna tocila. Takardar bayaninta da Turanci da Sinanci ce kawai, da ƙananan baƙaƙe. Kwana bakwai kaɗai take riƙewa, na takwas yana shigowa na farko ya fita, shi ya sa nake rubuta lambar kowane dare a bayan littafin awo. Ƙarfe goma sha biyun dare take komawa sifili da kanta, don haka a lokacin ɗinkin salla, da muke tashi ƙarfe ɗaya ko biyu, tafiyata ta komawa gida a lissafin gobe take faɗawa. Da na canza batir sai da na sake saita lokaci, kuma murfin da ɗan ƙaramin noti aka ɗaure shi, wanda sai mai gyaran agogo ne ya kwance mini. Lambar da take nunawa ta abincin da wai ka ƙone kuwa ba na ko kallonta, ƙiyasi ne daga nauyi da yawan taku, ba ta san ko hawa ka yi ko gangara ba. Ba ta kuma son ruwa. Da damina a leda nake sa ta.

Wanda aikinsa na zama ne, tela, direba, mai shago, ma'aikacin ofis, ina ganin ya kamata ya mallake ta. Manomi ko ɗan dako ko mai tura ruwa ba ta da abin da za ta gaya masa. Idan za ka saya, girgiza ta a kunnenka tukuna: in ta yi ƙara, ajiye ta. In ba ta yi ba, roƙi mai shagon ya sa mata batir, ka jefa ta a aljihun da za ka riƙa sa ta kullum, ka taka 100 a ƙofar shagon kana ƙirgawa. In ta kauce da fiye da biyar, a ba ka wata.