Santimita uku ne suka hana ni shiga banɗakin ɗakin da na biya

Kwana uku na yi a wannan otal saboda wani taron aiki da aka yi kusa da shi. Shekara tara ke nan ina kan keken guragu, tun hatsarin motar da ya taɓa mini laka, shi ya sa ba na kama ɗaki da ka. Sau biyu na kira su kafin na taso. Na tambayi matakalar ƙofar shiga, na tambayi lifta, na tambayi banɗaki. Yarinyar da ta ɗauki wayar, mai fara'a da ita, ta ce duk an tanada, ɗakin na masu buƙata ta musamman ne, har da alamar keke a jikin ƙofa. Na roƙe ta ta auna mini faɗin ƙofar banɗakin, ta ce in kwantar da hankalina kawai.

Gangarar da suka yi a bakin ƙofa tana nan, amma ta cika tsaye. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce duk santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo. Matakala uku ce a wurin, kusan santimita 45, ke nan gangarar ta kamata ta haura mita 5. Tasu da kyar ta kai mita 2, ga tayil mai santsi. Ƙanena ne ya turo ni, na ce ba komai, an dai yi ƙoƙari.

Ɗakin yana hawa na huɗu. Yana da faɗi, kekena ya juya a tsakiyarsa ba tare da ya bugi komai ba, har na fara murna. Sai na nufi banɗaki, tayoyin suka daki bakin ƙofa hagu da dama. Na ja baya, na sake saiti, na naɗe hannuwana ciki, ƙanena ya tura. Bai shiga ba. Ina yawo da tef ɗin awo a aljihun keke, na ciro na auna: santimita 63 idan an buɗe ƙyauren har ƙarshe. Kekena 66 ne, kuma ba wani babban keke ba ne, irin wanda kowa ya sani ne na turawa da hannu. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990, wadda masu zanen gini a ƙasashe da dama ke dubawa, ta sa mafi ƙarancin faɗin ƙofa inci 32, wato kusan santimita 81. Wannan ko kusa ba ta je ba.

Wanda bai zauna da mai ciwon laka ba zai ɗauka ƙaramar magana ce. Mu fitsari da lokaci muke yinsa, da roba, duk bayan 'yan awoyi, kuma sai an wanke hannu sosai. Idan aka bar mafitsara ta cika, ciwo ne ke biyowa baya, wani sa'in har kwanciyar asibiti. A lokacin na yi awa biyar a mota. Gumi ya fara keto mini, ina zaune ina kallon masai da wurin wanke hannu taku biyu a gabana.

Na kira ƙasa. Manajan dare ya hawo, ya dubi ƙofa, ya dubi keke, sannan ya juya wajen ƙanena ya ce, “Ko a kira masu gadi biyu su ɗauke shi su shigar?” Ina zaune a gabansa, ni na biya kuɗin, ni na kira shi, amma da ƙanena yake magana. Na ce masa, “Malam, ni za ka tambaya. Kuma ƙarfe uku na dare ma masu gadin za ka turo?” Ya yi shiru. Ban taɓa yarda wanda bai iya ba ya ɗaga ni, domin na san wanda aka kayar a haka ya karye a ƙugu, kuma ba abin da ya kai a ciccibe babban mutum zuwa masai ciwo a zuciya. Ya ce ba su da wani ɗakin, wannan ne kaɗai mai alamar. Ƙanena ya ce, “Yaya, mu tafi wani otal.” Da dare, gari cike da baƙin taro, ina za mu?

Allah ya kawo wani dattijo mai gyare-gyaren otal ɗin, ya zo duba famfo a ɗakin da ke kallon nawa. Ya leƙo ya gaishe ni, ni ɗin, ya tambayi abin da ya faru. Ya karɓi tef ɗina ya auna kaurin ƙyauren, ya ce, “Ɗana, ƙyauren nan ne ya cinye maka hanya. Ka ba ni minti goma.” Ya ciro sukudireba ya kwance ƙusoshin, ya cire ƙyauren ɗungurum ya jingine a baranda. Muka sake aunawa, 67. Na shiga, yatsuna na gogar katako, amma na shiga da kaina. Bai tsaya nan ba, ya je ya samo labule ya ɗaura a wurin don in samu sutura. Na ce, “Baba, Allah ya saka da alheri,” ya ce mahaifiyarsa ta yi shekara shida a keke kafin ta rasu. A daren nan da an ce in ba otal ɗin maki, saboda shi kaɗai da na cika musu.

Da safe ne raina ya sake ɓaci. Wurin shawa yana da dakali mai tsayin kusan santimita 10, ba kujerar wanka, sai da aka kawo ta roba mai zamewa. Ƙarfen da ke gefen masai, wanda na ɗauka na dafawa ne, na rataya tawul ne. Na ɗan jingina da shi sai ya motsa daga bango. Da na sakar masa nauyina lokacin komawa keke, da a ƙasa za a tsince ni. Gadon ma ya fi kujerar kekena tsayi da kusan taƙi guda, katifa mai laushi tana nutsewa, kullum sai ƙanena ya kama ni. To da ni kaɗai na zo fa, kamar yadda nake zuwa wurare da yawa? Alamar keken nan da suka manna, tun 1968 wata ɗaliba 'yar Denmark ta zana ta don mutum ya gani ya san zai iya shiga ya yi komai da kansa. Mun dogara da ita ne muke biyan kuɗi tun kafin mu ga ɗaki.

Ranar ƙarshe liftar ta tsaya awa biyu, na rasa zaman safe na taron da ya kawo ni. Ina zaune a hawa na huɗu sai tunanin gobara ya zo mini, domin ko lifta na da lafiya ba a hawanta idan wuta ta tashi. Na tambayi manajan rana yadda za su sauko da ni, ko suna da kujerar nan ta musamman da ake sauko da mutum ta matakala. Bai taɓa jin labarinta ba. Ɗaki ɗaya tak mai alamar keke, suka kai shi sama.

Ba zan koma ba sai an faɗaɗa ƙofar nan an sa ƙarfen dafawa na gaske. Mai keken da ya zama dole ya sauka nan, ya sa a turo masa hoton ƙofar banɗaki da tef a miƙe a kanta, kada ya karɓi “akwai” ta waya. Da zan fita na roƙi manajan ya bar ƙyauren a cire, ya ce zai duba. Muna jiran mota a ƙasa na ga dattijon nan zai hau da sukudirebarsa. Ya zo ya riƙe hannuna ya ce, “Ka yi haƙuri ɗana, an ce in mayar.”